Daga Dinarin Rumawa Zuwa Sulen Ƙaura

Ku 'yan makaranta, in kuka ga tsohon sule a adakar kakanninku, kada ku raina shi. Shaidar tarihi ce. Masana sukan tara tsofaffin kuɗi su auna azurfar da ke cikinsu, da haka suke gane ƙarfin mulki da rauninsa.

Rumawa sun fara buga kuɗinsu na azurfa mai suna dinariyus wajen shekara 211 kafin haihuwar Annabi Isa. Daga sunansa Larabawa suka sami dinari, mu kuma muka sami zinariya. Da fari azurfa ce kusan tsantsa. A shekara ta 64 Kaisar Niro ya rage ta, sarakunan bayansa suka yi ta ƙara tagulla don su biya sojoji. Wajen 270 azurfar da ke cikin kuɗinsu ba ta kai kashi 5 cikin 100 ba. Kaya suka yi tsada, har a 301 Kaisar ya yanka wa kowane kaya farashi, amma kasuwa ta ƙi bi.

To, mu ma ƙasarmu ta ga irin wannan. Kakanninmu da wuri suke ciniki, sai kuma liyari, watau dalar azurfa ta Ostiriya mai ɗauke da shekarar 1780. Da Bature Barth ya zo Kano a 1851, wuri 2,500 ake ba da dala guda. Da wuri ya yawaita, sai darajarsa ta faɗi.

A 1913 Ingilishi suka buga wa Afirka ta Yamma sulen azurfa. A 1920 azurfa ta yi tsada, suka koma buga na tagulla. Mutane suka ɓoye na farin, waɗansu suka kai wa maƙera aka yi mundaye. Saboda haka lokacin da jirgin ƙasa ya iso Ƙaura Namoda a 1929, manoman Zurmi da Shinkafi da suka kawo gyaɗa da auduga, sulen tagulla aka ƙirga musu.

Abin lura a nan, kuɗi amana ne tsakanin mai mulki da talakawa. In ya rage awo a ɓoye, kasuwa za ta tona shi. Don haka wanda ya sami tsohon sule ko liyari, kada ya bari a narke shi. Ya karanta shekararsa, ya tambayi dattawa abin da yake saye a zamaninsu, ya rubuta ya ajiye.