Ketare iyakokin ƙasashe a kan babur: abubuwan da matafiyi daga Miga ya kamata ya sani

A ƙaramar hukumar Miga ta jihar Jigawa, kamar sauran garuruwan da ke kwarin kogin Haɗejiya, babur shi ne abin hawan da aka fi dogara da shi wajen zuwa gona da kasuwa da asibiti. Ba abin mamaki ba ne a ga mutum ya hau babur ya bi ta Gumel zuwa Maigatari ranar Alhamis domin cin kasuwar dabbobi, wadda ke jawo 'yan kasuwa daga Jumhuriyar Nijar.

To sai dai tafiyar da za ta ratsa ƙasashe biyu ko uku ta sha bamban da leƙa kasuwar kan iyaka. A irin wannan tafiya, ƙarfin inji ba shi ne kan gaba ba. Abubuwa uku ne ke yanke hukunci: takardu, da yanayin tsaro, da kuma lokacin da aka tashi.

A shekarar 2022 wani ɗan Najeriya, Kunle Adeyanju, ya tuƙa babur daga birnin London zuwa Legas cikin kimanin kwana arba'in, domin yekuwar yaƙi da cutar shan inna. Tafiyar tasa ta nuna cewa abin mai yiwuwa ne, amma ga wanda ya shirya.

Me doka ta tanada?

Tushen 'yancin zirga-zirga a yankin shi ne yarjejeniyar da ƙasashen ƙungiyar raya tattalin arzikin Afirka ta Yamma, wato ECOWAS ko CEDEAO, suka sanya wa hannu a birnin Dakar a 1979. Yarjejeniyar ta bai wa ɗan kowace ƙasa ta ƙungiyar damar shiga wata ƙasar ba tare da biza ba, har tsawon kwana 90.

Kazalika ta amince abin hawa na ƙashin kai ya shiga wata ƙasar na tsawon wannan wa'adi, muddin mai shi ya gabatar da lasisin tuƙi, da shaidar mallaka, da inshora, da kuma takardar kwastan.

Amma al'amura sun sauya tun bayan juyin mulkin da sojoji suka yi a Nijar ranar 26 ga watan Yulin 2023. An rufe iyakar Najeriya da Nijar a wancan lokaci, ba a sake buɗe ta ba sai a watan Maris na 2024. A ranar 29 ga Janairun 2025 kuma ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga ECOWAS ta tabbata, bayan da suka kafa ƙawancensu na ƙasashen Sahel.

A lokacin ficewar, ƙungiyar ta ce za a ci gaba da mutunta fasfo da 'yancin zirga-zirgar 'yan waɗannan ƙasashe har sai an yanke wata shawara, su ma ƙasashen uku sun ce ƙofarsu a buɗe take ga 'yan ECOWAS ba tare da biza ba. Wannan sassauci ne na siyasa, wanda ka iya sauyawa, don haka wajibi ne a tuntuɓi hukumar shige da fice kafin a ɗaura kaya.

Rufe iyaka ba sabon abu ba ne ga mutanen Jigawa. Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa a watan Agustan 2019, kuma Maigatari na cikin guda huɗu na farko da aka buɗe a watan Disambar 2020, tare da Illela da Seme da Mfum.

Takardun mutum da na babur

Na farko shi ne fasfo, ko kuma takardar tafiye-tafiye ta ECOWAS da hukumar shige da fice ke bayarwa. Sabon da aka yi na ketarawa da sanayya ba ya amfani da zarar an yi nisa da kan iyaka. Matafiyi ya tabbatar an buga masa hatimin shiga, domin rashinsa kan zama abin tuhuma a ranar fita.

Na biyu shi ne katin shaidar rigakafin cutar shawara, mai launin rawaya. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce allura ɗaya ta wadatar har ƙarshen rayuwa, amma shaidar ba ta fara aiki sai bayan kwana goma da yin allurar.

Na uku lasisin tuƙi. A Najeriya rukunin A ne ya shafi babur, kuma yana da kyau a haɗa shi da lasisin ƙasa da ƙasa, saboda jami'an ƙasashen da ke amfani da Faransanci.

Wurin da aka fi samun matsala shi ne takardun babur ɗin kansa. Babura da dama a karkara ba su da lamba, wasu kuma an saye su hannu da hannu, takardunsu na ɗauke da sunan wani. A kan iyaka, jami'an kwastan, waɗanda a Nijar ake kira duwan, kan gwada lambar jikin babur da ta inji da abin da ke rubuce. Idan suka saɓa, ana iya riƙe babur ɗin bisa zargin sata ko fasa-ƙwauri.

Daga nan sai inshora. Tun 1982 ƙasashen yankin suka ɓullo da tsarin katin inshora mai ruwan ƙasa, wanda ke biyan diyya ga wanda aka yi wa ɓarna a wata ƙasa. A nemi kamfanin inshorar ya fayyace ƙasashen da katin ya ƙunsa. Chadi da Kamaru ba sa cikin ECOWAS, suna da nasu katin na ƙasashen tsakiyar Afirka.

A ƙarshe, kowace ƙasa kan ba da takardar izinin shigar da abin hawa na wucin gadi, mai wa'adi, wadda ake mayarwa a wurin fita.

Wace hanya za a bi?

Hanyar arewa ta fi kusa. Daga Maigatari ko Baɓura ana shiga jihar Damagaram, a hau babbar hanyar da ta ratsa Nijar, wadda ta bi ta Tasawa da Maraɗi da Birnin Ƙonni da Dosso zuwa Yamai, tafiyar kusan kilomita 900.

Amma babur ya zama abin zargi a yankin Sahel, saboda 'yan bindiga na kai hare-hare a kansa. Hukumomin Nijar sun haramta hawa babur a jihar Diffa a 2015, da kuma wasu sassan jihar Tillaberi a farkon 2020. Irin wannan doka kan sauya lokaci zuwa lokaci, kuma hanyar Yamai zuwa gabashin Burkina Faso ta sha fama da hare-hare da nakiyoyi. Ita ma gadar da ta haɗa Gaya da Malanville a Benin, an rufe ta bayan juyin mulkin 2023, har takaddamar ta daɗe.

Hanyar gabas kuwa ita ce tsohuwar hanyar alhazai, ta Maiduguri da Gamborun Ngala da Kusuri da Njamena da Abeche zuwa Sudan. Rikicin Boko Haram ya sa an hana babura a Maiduguri tun 2011, sannan yaƙin da ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023 ya ɗaiɗaita yankin Darfur, inda hanyar ta ratsa.

Mai niyyar zuwa Ghana zai tarar cewa fataken goro sun riga shi. A ƙarni na 19 ayarinsu kan bi ta Nikki da Jugu da Sansanin Mango da Yandi zuwa Salaga a ƙasar Gwanja, kuma zangon da suka kafa har yanzu ana jin Hausa a cikinsu. Sai dai arewacin Benin da Togo, da dazukan da ke kewayen Kainji a Najeriya, su ma sun fuskanci hare-hare a 'yan shekarun nan. Hanyar gaɓar teku, ta Seme da Kwatano da Lome zuwa Aflao, ta fi tsawo da cunkoso, amma ta fi yawan garuruwa da makanikai.

Lokaci, kuɗi da guzuri

Ga mutumin Miga, cikas na farko na iya kasancewa a ƙofar gida. A watannin Agusta da Satumba kogin Haɗejiya kan cika ya tumbatsa, ga ciyawar kacalla da ke toshe magudanan ruwa. A 2022 ambaliya ta katse hanyoyi da gadoji a sassa da dama na Jigawa.

Daga Maris zuwa Mayu zafi kan wuce digiri 40 a ma'aunin Selshiyos, abin da ke galabaitar da mutum da inji. Lokacin da ya fi dacewa shi ne daga Nuwamba zuwa Fabrairu, duk da cewa hazon hunturu kan rage ganin hanya.

Game da kuɗi, Nijar da Benin da Togo da Burkina Faso na amfani da sefar yammacin Afirka, Chadi da Kamaru kuma da ta tsakiyar Afirka. Darajarsu ɗaya ce, amma ba a kashe wannan a ƙasar waccan. Ghana kuma sidi take kashewa.

Ƙaramin babur irin su Bajaj ya fi babba sauƙin sha'ani, domin kusan ko'ina akwai kayan gyaransa. A tanadi hular kwano, da kayan faci, da famfo, da filogi, da wayar birki da ta kulochi, da ruwan sha mai yawa. Ɗaukar jarkokin fetur kusa da iyaka na iya jawo zargin fasa-ƙwauri.

A guji tafiyar dare, a isa kan iyaka da safe, a nemi rasiɗi kan duk kuɗin da aka biya, sannan a riƙa sanar da iyali duk zangon da aka sauka. Labarin hanyar da ke gaba kuwa, direbobin tasha da 'yan kasuwar da suka biyo ta a makon sun fi taswira sani.