Baka Biyu Masu Kama, Gida Daban

A rubutun Sinanci, baka mai kusurwa 〈 〉 da takwaransa mai ninki 《 》 su ke rungume sunan littafi ko na maƙala. Masana lissafi su ma suna da irinsa, sai dai nasu siriri ne. Da tsarin Unicode ya fito a 1991, kowane ya samu lambarsa: U+3008 ga na Asiya, U+2329 ga na lissafi. Amma kamannin ya ruɗi masu tsarin, har suka sanya a ƙa'ida cewa biyun alama ɗaya ce.

Ganganci ne mai tsada. Duk sa'ad da kwamfuta ta daidaita rubutu, sai bakan lissafi ya rikiɗe ya koma na Asiya, wanda ke cin fili daidai da cikakken harafin Sinanci, lissafin ya wage a kan shafi. Gyara kuwa ya faskara, domin Unicode ya yi alkawarin ba zai warware irin wannan haɗin ba. Dole aka ƙirƙiro wa masana lissafi sabon baka, ⟨ ⟩, a 2002, sannan a 2009 aka shelanta a guji tsohon.