Ƙayyadaddun Kalmomi da Matsayin Ma'aikacin Laburare a Binciken Likitanci

Gabatarwa

Rumbun PubMed na ɗauke da bayanan maƙalu sama da miliyan 35, kuma duk mai waya a hannu yana iya shigarsa kyauta. Wannan sauƙi ya sa wasu ke ganin likita ba ya buƙatar kowa ya taya shi nema. Wannan maƙala na da akasin ra'ayin haka. Ingancin bincike ya rataya ne ga ƙayyadaddun kalmomi, da kuma ƙwararren da ya san amfaninsu da iyakarsu.

Tushen tsarin

A 1879 John Shaw Billings ya fara fitar da Index Medicus, kundin da ke jera maƙalun likitanci bisa maudu'i. A 1960 Babban Laburaren Likitanci na Amurka ya samar da MeSH, jerin kanun maudu'ai da a yau suka kai kusan 30,000, ana sabunta su duk shekara. A kansa aka gina rumbun MEDLINE a 1971, wanda yanzu ake bincikarsa ta PubMed. Rumbun Embase ma yana da nasa jerin mai suna Emtree.

Hikimar ita ce kowace ma'ana a ba ta kanu guda, ko da marubuta sun kira ta da sunaye goma. Mu ɗauki yoyon fitsari, lalurar da asibitocin Katsina da Kano suka daɗe suna fama da ita. Wani marubucin zai rubuta VVF kawai, wani ya danganta ta da doguwar naƙuda, wani ya ambaci gaɓoɓin da suka ɓule. Wanda ya nemi kalma ɗaya zai samu waɗanda suka yi amfani da ita kaɗai, sauran su kuɓuce masa ba tare da ya sani ba. Kanu guda kan tattaro su duka. Ƙari ga haka, an jera kanun ne tamkar bishiya mai rassa, ta yadda neman babban reshe zai jawo ƙananan da ke ƙarƙashinsa, misali yoyon fitsari da na bayan gida a lokaci guda.

Hujjar masu suka

Masu suka suna cewa na'ura ta ɗauke wannan nauyi. PubMed kan fassara kalmomin mai nema zuwa MeSH da kansa, kuma tun 2022 kwamfuta ce ke liƙa wa yawancin maƙalun MEDLINE kanunsu. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, domin aikin ya ƙara sauri. Sai dai fassarar na'ura takan karkace, ta faɗaɗa inda ake son ƙuntatawa, kuma sai mai duba yadda ta juya tambayar ne zai gane. Haka nan sabuwar cuta takan riga kanunta zuwa, maƙalun da ba su shiga MEDLINE ba kuma ba su da kanu sam. Shi ya sa ƙungiyar Cochrane ta shawarci masu bitar bincike su haɗa kanu da kalmomin marubuta, su kuma nemi taimakon ƙwararren mai nema.

Sanin iyakar rumbu shi ma ilimi ne. A 2001 wata matashiya 'yar shekara 24 ta rasu a Jami'ar Johns Hopkins bayan ta shaƙi sinadarin hekzametoniyom a wani gwajin cutar asma. Rahotannin illarsa ga huhu suna nan tun shekarun 1950, amma a lokacin bayanan PubMed daga tsakiyar shekarun 1960 suka faro, don haka neman da aka yi a cikinsa bai gano su ba. Ma'aikacin laburare ya san inda rumbu ya tsaya, ya kuma san inda za a ci gaba da tono. Irin wannan giɓi ya shafe mu kai tsaye, tunda mujallun Afirka da dama ba sa cikin MEDLINE, sai a rumbunan African Index Medicus ko AJOL.

Kammalawa

Ya kamata asibitocin koyarwa su sanya ma'aikacin laburare cikin ayarin bincike tun daga tsara tambaya, a kuma rubuta dabarar neman dalla-dalla yadda wani zai iya maimaita ta. Kwamitocin ɗa'ar bincike su riƙa neman wannan rubutu kafin su amince a gwada magani a jikin ɗan Adam.