Tarihin Ƙera Babban Madubin Dutsen Palomar

Na'urar hangen taurari aikinta tara haske ne. Gwargwadon faɗin madubinta, gwargwadon hasken da za ta tara, da nisan abin da za ta hango. Wannan ne ya sa cikin shekarar 1928 George Ellery Hale, wani masanin taurari na Amurka, ya nemi Gidauniyar Rockefeller ta ba da dala miliyan 6 domin a ƙera na'ura mai madubi inci 200, watau kimanin mita 5, ninki biyu na mafi girma a duniya a lokacin. Kuɗi suka samu. Abin da ya rage shi ne yadda za a shawo kan abokan gaba biyu, zafi da nauyi.

Gilashi yakan buɗe in ya ji zafi, ya tsuke in ya ji sanyi, madubin da ya motsa ko da ƙanƙane kuwa ya ɓata hoton tauraro. Saboda haka aka ba kamfanin Corning aikin, ya zuba madubin da Pyrex, irin gilashin da zafi bai cika taɓa shi ba. Aka kuma yi wa bayansa ramuka kamar saƙar zuma, don ya rage nauyi, ya kuma riƙa hucewa da wuri. Zubin farko, na watan Maris 1934, ya lalace, domin wasu tubalan da aka kafa a gindin mazubin sun ɓalle sun taso kan narkakken gilashi. Aka sake zubi cikin Disamba. Sa'an nan aka bar shi cikin tanderu kimanin wata 10, ana rage wuta kaɗan kaɗan, gama gilashi mai kauri in ya huce da gaggawa tsagewa yake yi.

Cikin 1936 aka ɗauko shi a jirgin ƙasa, ana tafiya sannu, har birnin Pasadena a Kalifoniya. Nan aka shiga wasa shi ana gogewa, domin fuskarsa ta lotsa kamar kasko. Yaƙin Duniya na Biyu ya tsai da aikin, ba a gama ba sai 1947. An goge kusan tan 5 na gilashi, kuskuren da ya rage a fuskar kuwa bai wuce kashi 2 cikin miliyan na inci ɗaya ba.

Saura nauyi. Sashen na'urar da ke juyawa ya haura tan 500, alhali dole ne ya bi tauraro cikin tafiyarsa ba tare da girgiza ba. Dabarar da injiniyoyi suka yi ita ce su tura mai da ƙarfi ƙarƙashin mazauninsa, har ya zama bisa man yake yawo, ƙarfe bai taɓa ƙarfe ba. Da haka ɗan ƙaramin inji ya isa ya juya shi.

Aka buɗe na'urar a Dutsen Palomar cikin Yuni 1948, shekara 10 bayan rasuwar Hale, aka sa mata sunansa. Ba a sami wadda ta fi ta girma ba sai da Tarayyar Sobiyet ta ƙera mai mita 6 cikin shekarun 1970, ita kuwa madubinta mai kauri ya sha fama da zafi. Masana suka gane cewa dunƙulallen gilashi mai kauri ya kai iyakarsa. Don haka na'urar Keck ta Hawai, wadda ta fara aiki cikin 1993, aka haɗa madubinta mai mita 10 da ƙananan madubai 36, kwamfuta tana daidaita su dare duka.