Fim Ɗin Da Ya Ƙi Kwanciya

A watan Disambar 2010, ma'aikatan gidan waya na wani ɗan gari mai suna Parsons a jihar Kansas ta Amurka sun sha aiki. Shagon Dwayne's Photo da ke garin shi kaɗai ya rage a duniya mai iya wanke fim ɗin Kodachrome, ga shi ya sanar cewa daga ƙarshen watan ya daina karɓa. Sai mutane suka shiga tonon akwatuna suna aiko naɗin fim da suka manta da shi shekara da shekaru. Kodak ta riga ta daina yin Kodachrome tun 2009, bayan shekara 74. Kowa ya ɗauka zaman makoki ake yi.

Tushen sana'ar fim yana birnin Rochester na jihar New York, inda George Eastman ya fito da kyamarar Kodak a 1888. Dala 25 ce, da fim na hoto 100 a cikinta. In ya ƙare sai a aika kyamarar ɗungurungum zuwa kamfani, a wanke, a sa sabon fim, a dawo da ita. A 1900 kyamarar Brownie ta fito a kan dala ɗaya, hoto ya shiga hannun yara. A 1925 kuma Leica ta Jamus, ƙirar Oskar Barnack, ta ɗauko fim ɗin silima mai faɗin milimita 35 ta sa shi cikin kyamarar da za ta shiga aljihun kwat. Wannan ma'aunin ne ya mamaye duniya, har shagunan masu hoto na Kano da Damagaram, inda a da ake yin layi ranar Sallah da sababbin kaya, a dawo bayan kwanaki a tambaya ko an wanke. Har gobe Bahaushe "wanke hoto" yake cewa, ko da injin bugawa ne ya fitar da shi ba tare da ɗigon ruwa ba.

Abin dariya, daga cikin gida ɓarakar ta fito. A 1975 wani injiniyan Kodak, Steve Sasson, ya harhaɗa kyamarar dijital ta farko. Nauyinta ya haura kilo uku da rabi, tana cin daƙiƙa 23 kafin ta adana hoto ɗaya baƙi-da-fari a kan kaset. Kamfanin da ke cin abinci da fim bai yi rawar jiki a kanta ba. Ilford mai yin fim a Ingila ta durƙushe a 2004, Polaroid ta daina yin fim a 2008, ita kanta Kodak ta nemi kariyar kotu saboda bashi a Janairun 2012.

Amma gawar ta ƙi rami. Manyan ma'aikatan Ilford suka saye ta a 2005 suka ci gaba da fim baƙi-da-fari. Wani ɗan Ostiriya, Florian Kaps, da abokansa suka karɓi masana'antar Polaroid ta ƙarshe a Enschede ta ƙasar Holan kafin a kwance injinanta, suka sake koyon haɗa sinadaran daga farko. Kodak ta maido da fim ɗin Ektachrome a 2018. Leica ta sake ƙera kyamarar M6 a 2022, Pentax kuma ta fitar da sabuwar kyamarar fim a 2024, Pentax 17, wadda ke raba kowane gurbi biyu don naɗi mai hoto 36 ya ba da 72. Wannan tsimin kaɗai ya isa ya nuna yadda fim ya yi tsada.

Galibin matasan da suka dawo wa fim, dai, tsofaffin kyamarori suke farauta, irin su Canon AE-1 da Pentax K1000, dukansu 'yan 1976. K1000 ƙarfe ce da gilashi da sifirin, batirinta na ma'aunin haske ne kawai, in ya mutu ma za ta ɗauka. Sai dai tsufa ba ya ɓuya. Buɗe bayanta, za ka tarar soson da ke tare haske ya narke ya zama baƙin danƙo, in ba a canza shi ba ja-ja-ja zai ratsa kowane hoto. Gilashi kan yi funfuna in an ajiye shi a danshi. Masu gyaran kuwa yawancinsu sun tsufa, kayan gyara kuma sai an fasa wata kyamarar.

Mai ɗauka yana jan hannun matsa fim da babban yatsa, ya ji fim ya matsa, ya murza gilashi har fuska ta fito tas, ya danna. Ba ya ganin komai. Sai ya cika 36 ɗin, ya naɗe, ya kai wanki, inda za a buɗe fim ɗin cikin duhu ƙirin a tsoma shi a sinadarai ɗaya bayan ɗaya, a ɗauraye, a shanya kamar tsumma. Yawancin shagunan yau daga nan sai su zura shi a na'ura su mai da shi dijital, su tura wa mai shi a waya, shi kuma ya ɗora a Instagram. Wasu ma ba sa komawa karɓar nagatif ɗinsu.