Sayen Makullin Mota na Hannu: Yadda Ake Gane Wanda Ya Dace

Gabatarwa

A da, idan makullin mota ya ɓata, sai a je wurin mai yankan makulli ya goga wani, shi ke nan. Yanzu al'amarin ya sake. Motoci da yawa, musamman masu aiki da lantarki, suna zuwa da wani ɗan makulli mai madannai, wanda a Nijar ake kira telekomand, a Najeriya kuma rimot. Sabonsa yana da tsada, shi ya sa mutane suke neman na hannu.

Motar lantarki ba ta yawaita ba tukuna a gundumomin Mayahi da Tasawa, amma ta fara shigowa ƙasar Hausa. A shekarar 2021 aka buɗe wurin cajin motoci da hasken rana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato. Bugu da ƙari, irin wannan makulli yana nan a motocin fetur na hannu da ke shigowa jihar Maraɗi, har da wasu babura. Saboda haka wannan bayani ya shafi mai motar lantarki da mai motar fetur baki ɗaya.

Hausawa na cewa kama da wane ba ta wane. Makullai biyu za su iya zama launi ɗaya, da tambarin kamfani ɗaya, amma ɗaya ya tayar da motarka, ɗayan ya ƙi.

Me ke cikin makullin?

Abubuwa huɗu ne a cikinsa.

1. Ƙarfen makulli. A wasu motoci yana waje, a wasu kuma an ɓoye shi a ciki. Da shi ake buɗe ƙofa idan batir ya mutu.

2. Ƴar na'urar aika saƙo. Idan ka danna madanni, ita ce take aika wa mota saƙo ta iska, kamar yadda gidan rediyo yake yi. Kamfanin Renault na Faransa ne ya fara sa makullin buɗe ƙofa daga nesa a motarsa mai suna Fuego a shekarar 1982.

3. Ƙwayar shaida. Wannan ƴar ƙaramar aba ce, ta yi kama da wadda ke jikin layin wayar hannu. Tana ɗauke da lambar sirri. Idan mota ba ta san lambar ba, ba za ta tashi ba, ko da ƙofa ta buɗe. An yi haka ne don maganin ɓarayi. Tun daga shekarar 1998 aka wajabta wannan tsari a sababbin motocin da ake sayarwa a Tarayyar Turai.

4. Batir. Ƙarami ne, mai faɗi kamar kwabo, ƙarfinsa bolt 3.

A motar lantarki da ake tayarwa da danna madanni, babu ramin da ake murɗa makulli. Motar tana jin makullin ne a aljihunka. Idan ba ta gane shi ba, babu wata dabarar turawa ko haɗa waya da za ta sa ta motsa.

Abubuwa uku da dole su dace

Na farko, zango. Kowane gidan rediyo yana da zangonsa, idan ka murɗa akwatinka zuwa wani zango ba za ka ji shi ba. Haka makulli yake. Yawancin motocin da aka yi domin Amurka da Kanada suna aiki a kan megahaz 315. Yawancin na Turai suna aiki a kan megahaz 433, wanda wani lokaci ake rubuta 434. Motocin hannu da ke zuwa Nijar, waɗanda aka daɗe ana saukewa a tashoshin jiragen ruwa na Kwatano da Lome, wasu daga Turai suke, wasu daga Amurka. Ke nan Toyota biyu masu suna ɗaya za su iya tsayawa a tasha ɗaya, amma makullinsu ya bambanta. Ka san ƙasar da motarka ta fito.

Na biyu, lambar makulli. Ka juya bayan makullinka, ko ka buɗe shi a hankali, za ka ga haruffa da lambobi. A na Amurka akwai rubutun FCC ID, lamba tana biye da shi. A na Turai akan ga alamar CE. Akwai kuma lambar kamfani. Lambar makullin da za ka saya ta zama daidai da ta naka, harafi da harafi. Yawan madannai ma ya zama ɗaya.

Na uku, makullin ya zama wanda zai karɓi sabuwar mota. A nan ne mutane da yawa suke asara. A motoci da dama masu tashi da madanni, irin su Nissan Leaf mai aiki da lantarki zalla, wadda aka fara sayarwa a 2010, da Toyota Prius mai haɗa fetur da lantarki, makulli yana ɗaurewa da motar da aka fara haɗa shi da ita. Kafin ya yi aiki a wata mota, sai mai gyara ya wanke shi da na'ura, ya mayar da shi kamar sabo. Wasu makullan suna wankuwa, wasu ba sa wankuwa. A wasu motocin kuma, kamar Tesla Model 3 mai amfani da kati, mai mota da kansa yana iya ƙara wani kati daga allon motar, muddin yana riƙe da makulli ɗaya mai aiki.

Kafin ka bar gida

Ba kowace matsala ce take bukatar sayen makulli ba. Ka gwada waɗannan tukuna.

Ka sake batirin makullin. Lambarsa tana rubuce a kansa, misali CR2032, CR2025 ko CR2016. Faɗinsu ɗaya ne, milimita 20, amma kaurinsu ya bambanta. Ka sa irin wanda ka cire.

Ka duba ƙaramin batirin motar. Motar lantarki, ban da babban batirinta, tana da ƙarami, galibi mai bolt 12, kamar na motar fetur. Shi ne yake ba ƙofofi da kwamfutar mota wuta. Idan ya mutu, motar ba za ta amsa ba ko da makullin lafiya lau yake.

Ka kara makullin a jikin madannin tayar da mota, sannan ka danna. Motoci da yawa suna tashi ta haka ko da batirin makulli ya mutu.

Idan ɓawon makullin ne kawai ya fashe, ɓawo za ka saya, a juye kayan ciki. Wannan ba ya bukatar na'ura. A dai kula kada ƙwayar shaida ta faɗi.

Idan duk wannan bai yi ba, sai ka kwafi lambar shasi. Tana cikin takardar mallakar mota, wato kart giriz, tana kuma ƙasan gilashin gaba ta gefen direba. A motocin zamani haruffa da lambobi 17 ne. Babu harafin I ko O ko Q a cikinta, saboda kada a rikita su da 1 da 0. Ka rubuta a hankali, ka ba wani ya karanta maka, ko ka ɗauki hoto da waya.

Lissafin kuɗi

Daga Mayahi zuwa Maraɗi tafiyar kusan kilomita 90 ce. Daga Tasawa ta fi kilomita 100. Wani lokaci sai an dangana da Damagaram, ko Yamai, ko Katsina, ko Kano, kafin a sami mai na'urar da ta san irin motar. Yawanci sai motar tana wurin ake haɗa ta da makulli, domin ana jona na'urar ne a wata kafa da ke ƙarƙashin sitiyari. Idan babu makulli ko ɗaya mai aiki, sai dai a ɗauki motar ko a ɗauko mai gyaran.

A ɗauka wata ƙungiyar manoma a Kanambakashe tana da mota ɗaya, da ita ake kai kaya kasuwa, da ita ake kai mai naƙuda asibiti. Makulli ya ɓata. An aiki yaro birni ya sayo mai kama da shi, ya dawo, mota ta ƙi tashi. An yi asarar kuɗin makulli da kuɗin mota, ga aiki ya tsaya. Don guje wa haka, a haɗa kuɗi huɗu kafin a yanke shawara: kuɗin makulli, kuɗin wanke shi da haɗa shi da mota, kuɗin yankan ƙarfe, da kuɗin tafiya. Sannan a tambayi kuɗin sabo. Wani lokaci bambancin kaɗan ne.

A wurin ciniki

1. Ka fara da mai gyara, kafin mai sayarwa. Ka buga masa waya, ka faɗa masa sunan mota, shekararta da lambar makulli. Ka tambaye shi ko na'urarsa tana haɗa na hannu.

2. Ka buɗe makullin ka duba ciki. Idan ka ga tsatsa, ko wani abu fari ko kore, ruwa ya taɓa shiga. Ka bar shi.

3. Hasken ƴar fitilar makulli yana nuna batir na da rai ne kurum. Ba ya nuna cewa makullin ya dace.

4. Ku yi sharaɗi a gaban shaidu: idan bai yi aiki ba, za a mayar da kuɗi. A rubuta a takarda, da kwanan wata da lambar makullin.

5. Kada ka cika kuɗi sai ka ga ƙofa ta buɗe, ta rufe, motar ta tashi ta yi tafiya. Ka gwada tsohon makullinka ma, idan kana da shi, domin a wasu motoci haɗa sabo yana goge na da.

6. Idan makulli ɓata ya yi ko sace shi aka yi, ka ce a goge shi daga ƙwaƙwalwar motar. In ba haka ba, wanda ya tsince shi yana iya tafiya da ita.

7. Ka tafi da kart giriz da katin shaidarka. Mai gyara na gari zai nemi ganinsu. Kai ma ka tambayi inda makullin ya fito. Kayan da aka sayar a ɓoye da araha mai yawa suna iya kai mutum gaban ƴan sanda ko jandarma.

Babur da keke mai ƙafa uku

A yawancin babura, telekomand yana tafiya ne da wani ɗan akwatin ƙararrawa da aka ɗaura a jikin babur. Tare ake sayar da su. Idan makullin ya ɓata, sau da yawa ya fi sauƙi a sake akwatin da makullansa gaba ɗaya. A babur ko keke mai aiki da lantarki, a duba ƙarfin batir, ko bolt 48 ne, ko 60, ko 72, a sayi akwatin da ya dace da shi.

Kula da makulli

A watannin Afirilu da Mayu zafi yakan wuce digiri 40 a jihar Maraɗi. Kada a bar makulli a rana ko a cikin rufaffiyar mota. A kiyaye shi daga ruwan alwala da na wanki, da ƙurar hunturu.

Abin lura: ƙaramin batirin nan yana da haɗari ga yara. Idan yaro ya haɗiye shi, yana iya ƙone masa maƙogwaro cikin sa'o'i kaɗan. A garzaya da shi asibiti nan take, kada a sa shi amai. Kada a jefa tsohon batir a wuta, ko a rijiya, ko inda yara suke wasa.

A tuna

Lokacin da ya fi dacewa a yi makulli na biyu shi ne lokacin da na farko yake aiki, domin aikin ya fi sauƙi, ya fi araha. Idan za ka sayi mota, ka nemi makulli biyu, ka gwada kowanne. Ka rubuta lambar makullinka da lambar shasi a littafi tun yau, ka ajiye makulli na biyu a gida, wurin wanda ka amince da shi.