Gidan Mutti: Tarihin Wata Masana'antar Gwangwani a Italiya

Sanin kowa ne tumatir ba ya jiran mai saye. In ya nuna yau, jibi ya ruɓe. Wannan matsala ce ta haifar da ƙananan masana'antun gwangwani a ƙasar Italiya, cikinsu har da ta gidan Mutti, a lardin Parma da ke arewacin ƙasar.

Tun a shekarar 1810 wani Bafaranshe, Nicolas Appert, ya bayyana yadda ake dafa abinci cikin kwalba a toshe, ya daɗe bai lalace ba. Duk da haka, har wajen ƙarshen ƙarni na 19 manoman Parma dafa tumatir suke yi sai ya yi kauri, su shanya, su cura shi kamar daddawa. A cikin 1899 ne wasu 'yan'uwa biyu manoma, Marcellino da Callisto Mutti, suka kafa 'yar masana'antarsu a ƙauyen Basilicanova, daf da gonaki.

Gwangwani kuwa yana da nasa aibi: da zarar an buɗe shi, iska ta shiga, sai ragowar ta yi fumfuna, ga shi a zamanin gidaje kaɗan ne ke da firji. Saboda haka a 1951 Ugo Mutti ya ɗura markaɗaɗɗen tumatir cikin kwanson alminiyam irin na man goge baki, a matsa abin da ake bukata, a rufe. Murfinsa ma bai zama shara ba, domin mata kan sa shi a yatsa lokacin ɗinki don kada allura ta soke su.

Kamfanin Cirio, wanda ya girmi Mutti, tun da an kafa shi a Turin a 1856, ya fita daga hannun iyali, ya durƙushe saboda bashi a 2003. Shi kuwa Mutti yana hannun zuriyar har yanzu, kuma Francesco Mutti ke jagorancinsa tun 1994.

Babban dalilin ɗorewarsa shi ne riƙon manoma. Kakar tumatir daga Yuli zuwa Satumba ce kawai, kuma a cikinta ake sarrafa kayan shekara guda. Don haka gidan yakan ba manoman da suka kawo tumatir mafi kyau lambar yabo da ƙarin kuɗi kowace shekara. Ashe ke nan masana'anta irin wannan, kome kyan injinta, in manomi bai kawo kaya kan kari ba, shekarar ta wuce ta.